Ba wutar jahannama muke cewa Yesu ya shiga ba

Malam Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Na daɗe ina karanta jaridarku amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, abinda ya sa kuwa wata magana ce da na gani a shafin ra'ayin masu karatu, inda wani ɗan'uwa ya rubuta cewa wai mu Kirista da bakinmu muke faɗi a coci cewa Yesu ya shiga wutar jahannama ya yi kwana uku a ciki, har yana tambaya wane irin mai ceto ne wannan da shi ma sai da aka ƙona shi. Tsakani da Allah ban ji haushinsa ba, don ba shi ya ƙirƙiro maganar ba, na san inda ya jiyo ta, kuma ko a cikinmu masu zuwa sujada akwai da yawa da in ka tare su kace me wannan layin yake nufi sai su yi shiru, ko kuma su ba ka irin amsar da shi ya bayar. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta, dan Allah a ba ni fili ko da wasiƙar ta ɗan yi tsawo.

Layin da ake magana a kai yana cikin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, wadda ake karantawa a tsaye a coci-coci da yawa. A wurin ana cewa ya sha wahala a hannun Bilatus gwamnan Romawa, aka gicciye shi, ya mutu, aka binne shi, ya sauka zuwa wurin matattu, a rana ta uku ya tashi. Wasu suna cewa Hades, wasu lahira, wasu wurin matattu. Matsalar ta fi fitowa daga Turanci, domin tsohuwar kalmar da Turawan Ingila suka sa a wurin, wato hell, a zamanin da can tana nufin ɓoyayyen wurin da matattu suke ne kawai, daga baya ma'anarta ta koma wutar azaba zalla, amma aka ci gaba da karanta layin da tsohuwar kalmar. To mutum ya ji wannan ya juya shi zuwa Hausa kai tsaye, me zai ce in ba wuta ba?

A Littafi Mai Tsarki kalmomin daban-daban ne. A Ibrananci akwai Sheol, ta zo sama da sau 60 a Tsohon Alkawari, kuma wurin da matattu ke zuwa ne, na kirki da mugu duka. Duba Farawa 37:35, lokacin da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu da jini, ya ƙi yarda a ta'azantar da shi yace da makoki zai gangara Sheol wurin ɗansa. Yakubu fa, kakan Isra'ilawa. Wa zai ce yana nufin zai shiga wuta ne, ko yana tunanin Yusufu yana wuta? Da Yahudawan Iskandariya suka juya littattafan zuwa Helenanci tun kafin haihuwar Yesu, sai suka sa Hades a madadin Sheol, haka kuma Sabon Alkawari ya gaje ta. Kalmar wutar hukunci kuwa ita ce Gehenna, daga sunan Kwarin Hinnom da ke gefen Urushalima, ta zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakin Yesu kansa, kuma masana harshe suna cewa tushensu ɗaya da kalmar jahannama da muke faɗi. Babu aya ko ɗaya da tace Yesu ya shiga Gehenna. Ko ɗaya. Wanda ya samu ya kawo.

Abinda Nassi ya faɗa shine wanda manzo Bitrus ya faɗa ranar idin Fentikos a Ayyukan Manzanni 2, ya ɗauko Zabura 16:10 inda Dawuda yake cewa ba za ka bar raina a Sheol ba, ba kuwa za ka bar Mai Tsarkinka ya ruɓe ba, sai Bitrus yace Dawuda ai ya mutu an binne shi kabarinsa ma yana nan a wurinmu har yau, saboda haka Almasihu yake nufi, shi ne ba'a bar shi a Hades ba. Kaga ba'a cewa ba'a bar mutum a wuri ba sai in ya je wurin. Shi kansa Yesu a Matiyu 12:40 yace kamar yadda Yunusa ya yi kwana uku a cikin kifi haka Ɗan Mutum zai yi a cikin ƙasa. Bulus ma a Afisawa 4:9 ya yi maganar saukarsa zuwa ƙarƙashin ƙasa, ko da yake akwai malaman da suke karanta wannan ayar a kan saukowarsa duniya ne da aka haife shi, ni dai ban dogara da ita ita kaɗai ba.

Sannan ga maganar ɓarawon nan da aka gicciye tare da shi. Luka 23:43, yace masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi. Yau yace, ba jibi ba. Kafin ya cika kuma yace ya Uba na sa ruhuna a hannunka, a Yohanna 19:30 yace an gama. Wanda yace an gama, kuma ya yi wa mutum alkawarin Firdausi a ranar, ta yaya za'a ce daga nan ya wuce wani wurin ana azabtar da shi? Wannan ne ma yasa zuciyata take ɓaci in na ji wasu masu wa'azi a talabijin da intanet suna cewa wai gicciye bai isa ba, sai da Shaiɗan ya ja shi zuwa wuta aljanu suka yi ta gana masa azaba kwana uku har aka sake haihuwarsa a can. Wannan koyarwar sabuwa ce, a ƙarni na 20 ta yaɗu daga wasu masu wa'azi na Amurka, ba ta cikin koyarwar Katolika, ba ta cikin ta Otodoks, ba ta cikin ta Luta ko Kalbin, manyan jagororin Furotesta. Kuma ina zargin irinta ce ta isa kunnen ɗan'uwan da ya rubuto muku.

Zan faɗi gaskiya kan tarihin layin, domin ba na son a ce na ɓoye wani abu. Bai cikin Shaidar Bangaskiya da majalisar bishop-bishop ta rubuta a Nikiya a shekarar 325, bai kuma cikin wadda aka faɗaɗa a Kustantiniya a 381. Ya fara bayyana a wata shaidar bangaskiya da aka rubuta a Sirmiyum a 359, garin da yanzu yake cikin ƙasar Sabiya. Wajajen shekarar 404 wani malami mai suna Rufinus na Akwiliya a Italiya ya rubuta bayanin shaidar da cocin garinsu ke karantawa, ya kuma faɗa a fili cewa wannan layin yana cikin tasu amma babu shi a ta Roma. Daga baya ne ya zama gama-gari a Yammacin Turai. Wasu suna kafa hujja da wannan su ce to ƙari ne aka yi, a cire shi. Amma shigarsa cikin shaidar daban, bangaskiyar kanta daban. Tun ƙarni na 2 da farkon na 3 malaman coci irin su Iraniyus na Liyon da Tatuliyan na Kataj da Melito na Sadis duk sun yi maganar saukar Almasihu wurin matattu kamar abinda kowa ya sani, ba'a ma yi gardama a kai ba shi yasa ba'a yi gaggawar rubuta shi ba. Agustin, bishop na Hippo wadda yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, a wasiƙarsa zuwa ga abokinsa Ebodiyus cewa ya yi sai marar bangaskiya ne zai musanta cewa Almasihu ya je can.

Inda aka rabu shine me ya je yi. Cocin Katolika a Katekisim ɗinta na 1992, wato littafin koyarwarta, daga sakin layi na 631 zuwa 637, tace ya mutu da gaske, ransa haɗe da Allahntakarsa ya sauka wurin matattu, kuma ta faɗa ƙarara a 633 cewa bai je don ya fito da waɗanda aka hukunta ba, bai je don ya rushe wutar hukunci ba, ya je ne don ya 'yantar da adalai da suka riga shi, wato irin su Ibrahim da Musa da Dawuda da annabawa da suka mutu suna jiran alkawari. Wurin da suke jira ɗin shine Yesu ya kira ƙirjin Ibrahim a misalin mai arziki da Li'azaru a Luka 16, inda akwai babban rami tsakanin masu hutawa da masu shan azaba.

Otodoks na Gabas kuwa a wurinsu wannan shine zuciyar Ista gaba ɗaya. In ka ga hoton tashin Almasihu a cocinsu galibi ba kabari da dutse a mirgine za ka gani ba, za ka ga Yesu ne da fararen tufafi a tsaye kan ƙofofin Hades da suka karye, kwaɗuna da makullai da ƙusoshi sun watse a ƙasa, yana janyo Adamu da Hawwa'u daga kaburburansu. Akwai irin wannan zanen da ya yi suna sosai a ginin Kora a Istanbul, an yi shi wajajen 1320. Na daɗe ina kallon hotonsa a waya. Abinda ya kama ni a ciki shine ba tafin hannunsu ya riƙe ba, wuyan hannunsu ya kama, su hannayensu a sake suke ba ƙarfi, kamar yadda ake ciro wanda ruwa ya ci. Matacce ba ya iya riƙe kowa, sai dai a riƙe shi. Duk wa'azin da na taɓa ji kan alheri ban ji wanda ya shige ni kamar wannan zanen ba.

Martin Luta a wa'azin da ya yi a Torgau a 1533 shi ma nasara ya gani a ciki, cewa Almasihu ya sauka ya karya ikon Shaiɗan da na mutuwa, kuma ya gargaɗi mutane kada su wahalar da kansu da tambayar yaya aka yi, haka kuma 'yan Luta suka rubuta a yarjejeniyar koyarwarsu ta 1577. Jon Kalbin ya bi wata hanya dabam, yace kada a cire layin, amma ma'anarsa ita ce azabar da ran Yesu ya sha a kan gicciye lokacin da ya ɗauki hukuncin zunubi har yayi kuka yace Allahna Allahna don me ka yashe ni. Katekisim na Haidelbag na 1563 a tambaya ta 44 ya bi shi. Ni ina girmama wannan, kuma abinda ya faɗa kan zafin gicciye gaskiya ne, amma ban gamsu cewa shine ma'anar layin ba, domin jerin maganar a bayyane yake, ya mutu, aka binne shi, sannan ya sauka, sannan ya tashi. Kalbin ya san za'a yi masa wannan tambayar, ya amsa cewa an fara faɗin abinda ido ya gani ne sannan aka faɗi wanda ido bai gani ba, to amsa ce, amma ni dai har yanzu ina ganin tsoffin Kirista da suka sa layin ranar Asabar da yake kabari suke nufi ba ranar Juma'a da aka gicciye shi ba. Babban Katekisim na Westminsta na 1647 ma da yake daga gidan su Kalbin ya fito, cewa yayi ma'anar ita ce ya zauna cikin halin matattu ƙarƙashin ikon mutuwa har rana ta uku. Angalika sun ajiye shi a sashe na 3 na ƙa'idojinsu 39 ba tare da dogon bayani ba, Jon Wesli kuma, wanda ya kafa Metodis, ya cire wannan sashen lokacin da ya taƙaita ƙa'idojin don Metodis na Amurka a 1784.

Ayar da tafi ba malamai aiki ita ce 1 Bitrus 3:18 zuwa 20, inda aka ce an kashe shi cikin jiki aka rayar da shi cikin ruhu, ya je ya yi shela ga ruhohin da ke kurkuku waɗanda suka yi rashin biyayya a zamanin Nuhu. Kilemen na Iskandariya ya fahimce ta a kan wa'azi ga matattu. Agustin yace a'a, Almasihu ne ya yi wa mutanen wancan zamanin wa'azi ta bakin Nuhu tun suna da rai. Malamai da yawa na yanzu kuma suna cewa ruhohin mala'iku ne da suka yi tawaye, irin waɗanda littafin Anuhu yake ba da labarinsu, littafin da cocin Habasha har yau take lissafa shi cikin littattafanta, kuma shelar nasara ya je yi musu ba kiran tuba ba. Duk wanda ka ɗauka cikin ukun nan, Yesu shine mai magana a wurin, shine mai shela, ba shine ɗan kurkukun ba. Kada kuma wani ya ɗauki ayar yace to ashe akwai damar tuba bayan mutuwa bari in huta, Ibraniyawa 9:27 tace sau ɗaya aka ƙaddara wa mutum ya mutu bayan haka sai shari'a.

Na san mafi yawan masu karanta wannan jaridar 'yan'uwanmu Musulmi ne, kuma na san abinda Suratun Nisa'i aya ta 157 ta faɗa, cewa ba su kashe shi ba ba su kuma gicciye shi ba. Wannan bambanci ne na gaske tsakaninmu, babba ne, ba zan shafa masa mai ba, kuma ban rubuto don in yi muƙabala da kowa ba. Roƙona kawai shine in za'a faɗi abinda muka gaskata a faɗe shi daidai, kamar yadda ni ma ba zan so in faɗi aƙidarku a karkace ba. In ana neman kalmar da za ta kusantar da fahimta, barzahu ta fi kusa da abinda muke nufi nesa ba kusa ba akan jahannama, wato zaman da ke tsakanin mutuwa da tashi, ko da yake bayanin da kowane ɓangare yake yi a kai ba ɗaya bane.

Yanzu bari in faɗi dalilin da yasa abin ya dame ni har haka. Shekaru da yawa ina karanta wannan layin da baki kawai, in wuce shi da sauri in kai ga a rana ta uku ya tashi, don nan ne daɗin yake. Sai da mahaifina ya rasu. Ya yi jinya mai tsawo, kuma a kwanakinsa na ƙarshe wani dare ya riƙe hannuna yace ba ciwon yake tsoro ba, abinda yake tsoro shine zai tafi inda bai sani ba shi kaɗai, babu mai raka shi. Mutum ne mai bangaskiya, ya yi shekaru yana koyar da wasu, amma da abin ya zo ga abinda ya faɗa mini kenan, ni kuma na rasa me zan ce masa, na yi addu'a dai na yi shiru. Bayan mun binne shi, Lahadin farko da na koma sujada muka miƙe muna karanta Shaidar Bangaskiya, muna kaiwa wannan layin sai murya ta ta ɗauke, hawaye kawai. Ashe amsar da na rasa tana bakina duk shekarun nan. Hanyar da Baba yake tsoro, Yesu ya riga ya bi ta har ƙarshenta. Ba suma ya yi ba, ba kamar-mutuwa ya yi ba, ransa ya rabu da jikinsa kamar na kowa, aka naɗe gawar a likkafani aka sa a kabarin Yusufu na Arimatiya, shi kuma ya je inda matattu ke zuwa. Da ma na iya gaya wa Baba haka a wancan daren.

Wannan ma yana daga cikin abinda tsoffin malamai suka riƙe layin dominsa. A ƙarni na 4 an yi wani bishop mai suna Afolinariyus na Lawudikiya da ya koyar cewa Yesu jikin mutum ya ɗauka amma ba shi da hankali da ruhu irin na ɗan Adam, Kalman Allah ne ya cike gurbin, majalisar Kustantiniya ta 381 ta ƙi wannan koyarwar. Masu amsa masa suna tambaya, in ba shi da rai irin namu to me ya sauka wurin matattu alhali jikin yana kabari? Ibraniyawa 2:14 da 15 tace ya ɗauki nama da jini irin namu domin ta wurin mutuwa ya hallaka mai ikon mutuwa, ya kuma 'yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su duk tsawon ransu. A Wahayi 1:18 kuma yace na mutu ga shi ina raye har abada, makullan mutuwa da na Hades suna hannuna. Fursuna ba ya riƙe makulli.

Shi yasa nake roƙon fastocinmu da malaman Sande Sukul da masu koyar da ajin baftisma, ku daina tsallake wannan layin. Muna cika coci ranar Juma'a Mai Kyau, mu cika ta ranar Lahadin Ista, Asabar ɗin da ke tsakani kuwa a wurare da yawa ba mai ko ambatonta, alhali duk wanda ya taɓa binne nasa a cikin wannan Asabar ɗin yake zaune, an rufe kabari, tashin bai zo ba tukuna, ana jira. Matan da suka bi Yesu ma haka suka yi, Luka 23:56 tace sun shirya kayan ƙanshi da man shafawa sannan suka huta ran Asabar bisa ga doka, ba su san me ke faruwa a ɗaya gefen ba. In matasanmu sun san ma'anar abinda suke karantawa, ranar da wani ya tare su a makaranta ko a Facebook yace ai Yesunku ya shiga wuta ba za su daburce ba, ba kuma za su yi zagi ba, za su buɗe Ayyukan Manzanni 2 su nuna masa a natse.

Ga ɗan'uwan da ya yi rubutun kuma, na gode maka da ka yi tambayar a fili maimakon ka riƙe ta a ciki. In akwai wata aya da ka gani wadda ban taɓo ba, ka rubuto ta wannan shafin da lambarta, zan duba in amsa in Malam Edita ya sake ba ni fili.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
mai karanta jaridarku kullum.